Katafila a Ƙasar Ƙanƙara da Ruwan da Muke Ɗura wa Tamu

 

Wani abokin aikina ya tare ni a bakin ƙofa ɗazu yana dariya, wai me ya haɗa Bakano da shirin ƙanƙara. Mun fi shekara ashirin muna wannan ja-in-ja da shi, sai dai yau ni ke riƙe da lasifika.

Na fara ganin abin da sanyi ke yi wa injin gas ne a yankin Ural, lokacin da aka tura mu koyon aiki Tarayyar Sobiyet. Katafilar da muka fi taɓawa ita ce T-130 ta masana'antar Celyabinsk, jikar S-80 da aka fara ƙerawa a 1946 bisa tsarin Caterpillar D7. Ke nan 'yar'uwar wadda ke fakin a garejin ma'aikatunmu ce. Direbobi da yawa a can ruwa zalla suke zubawa. Da yamma a buɗe famfo a tsiyaye shi, a rataya ɗan allo a gaban lagireto mai cewa an zubar da ruwa, don kada wani ya tayar da inji a bushe. Da asuba a zo da bokitan ruwan zafi, a yi ta zubawa famfo na buɗe har sai ɗumi ya fara fitowa ta ƙasa, sannan a rufe, a cika, a ja ƙaramin injin fetur da ke murza babban.

Wata safiya na ga direba ya tsuguna ya dafe kai. Ya buɗe famfon lagireto, ruwa ya zuba. Ya buɗe na jikin bulok, ɗan ɗigo ya fito ya tsaya, ya ɗauka ya ƙare. Ashe laka da tsatsa ne suka toshe bakin. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, ƙarfen zubi kuwa ba ya miƙewa. Bulok ya tsage tsawon tafin hannu, ƙanƙara ja-ja-ja ta leƙo ta tsagar kamar harshe. Da ya soka 'yar waya a bakin famfon nan da ya tsira. Waɗannan murafen masu kama da kwabo da ke gefen bulok, waɗanda ake cewa wai an sa su ne don su fita idan ruwa ya daskare, ramukan da aka zazzage yashin zubi ne kawai aka toshe. Ranar ko ɗaya bai motsa ba.

Yau mai tsohuwar D7 ko D8 a Kanada ko arewacin Amurka ba ya wannan wahala kullum. Kafin hunturu yakan zubar da tsohon ruwa ta kowace kafa: gindin lagireto, bulok, na'urar sanyaya baƙin mai, da ƙaramin injin tayarwa idan tana da shi, domin ruwansu ɗaya da babban. Ya wanke har ruwa ya fito garai, ya matsa kowane tiyo ya ji ko ya ruɓe, ya gwada murfi da tamostat. Sai ya haɗa gilaikol da ruwa mai kyau rabi da rabi, haɗin da ba ya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri. Inda sanyi ya fi haka a kai shi kashi 60, a samu kariya har ƙasa da digiri 50. Mai haɗama da ya ɗura gilaikol zalla ya cuci kansa, don shi kaɗai yana daskarewa tun wajen digiri 13 ƙasa da sifiri. Daga nan ya tayar da inji har tamostat ya buɗe, haɗin ya zagaya ko'ina, ya ɗiba ya auna.

To, a duk wannan hidima, abu ɗaya ne tak ya shafi sanyi, wato yawan gilaikol. Sauran duk namu ne, mu da muka fi su zafi da ƙura. Kuma akwai wani abu a cikin jarkar kulan, wato ruwan sanyaya inji, na manyan injuna wanda ba ruwansa da hunturu ko bazara, shi ne ya kawo ni nan.

Injin D342 da ke cikin D8K da 3306 da ke cikin D7G duk masu jiƙaƙƙen silif ne. Ruwa yana taɓa bayan silif kai tsaye. Duk lokacin da mai ya kama wuta, fistin yakan mari bangon silif, silif ɗin ya yi rawa kamar ƙararrawar da aka kaɗa. Idan bangon ya ja baya da sauri, ruwan da ke jikinsa ba ya iya binsa, sai ƙananan ƙwayoyin tururi su tsiro a wurin. Idan ya dawo sai su fashe a jikin ƙarfe, kowace ɗaya da bugun da ya isa ya ɓantare ɗan ƙwarzane. Wannan yana faruwa sau ɗaruruwa a minti, a kowace silinda, tun safe har a tashi aiki. Ramukan sukan taru a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, a ɓangaren da fistin ke jingina, kamar gara ta ci ice. Ba a jin ƙara, allurar zafi ba ta nuna komai, hayaƙi bai sauya ba. Ran nan kawai direba ya zaro sandar auna mai ya ga baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Ruwa ya huda ya gangara, ya ci biyarin, in an yi rashin sa'a ya haɗa da karanshaf.

Maganin abin sinadarin naitirait ne, wani lokaci haɗe da molibdet. Yana shimfiɗa wata siririyar fata a bayan silif, ƙwayoyin su fashe a kanta su cinye ta, ita kuma ta sake tofowa daga abin da ke narke a ruwan. Ana cin sa ne a hankali, shi ya sa ake aunawa da 'yar takardar gwaji a ƙara idan ya yi ƙasa. A kula kuma, ba kowane koren ruwa ne ke da shi ba. Kulan ɗin ƙananan motoci da ake sayarwa a bakin titi an yi shi ne bisa ma'aunin ASTM D3306, na manyan injunan gas kuwa D6210 ne. Launi rini ne kawai. Na sha ganin takardar sayen kaya da aka rubuta "kulan, jarka goma" ba tare da lamba ba, kuma injiniya ne ya sa hannu.

Sai ruwan kansa. Kamfanin Caterpillar ya daɗe da fitar da iyaka: a kowace lita, kilorayid kada ya wuce miligiram 40, salfet 100, taurin ruwa 170, jimillar narkakkun abubuwa 340. Wa ya taɓa auna ruwan burtsatsen garejinsa a cikinmu? Ruwan da za ka kurɓa ka ji zartsi, ko wanda ke barin farin ƙanzo a gindin butar shayi cikin mako biyu, shi muke ɗura wa injin da kuɗinsa ya fi albashinmu na shekaru. Ƙanzon nan yana kwanciya ne inda ya fi zafi, a cikin kan silinda, ya zama bargo tsakanin ƙarfe da ruwa, kai ya tsage. A wurin aikin madatsa na ga an ɗebo ruwan kududdufi da bokiti, har da talibamban a ciki.

Masu ja da ni suna da hujja biyu. Ta farko, ruwa zalla ya fi gilaikol ɗaukar zafi. Gaskiya ne, ban taɓa musu ba. Wanda lagiretonsa ke bakin gaɓa ya yi aiki da ruwa mai kyau da sinadarin kariya, kamfanin ma ya yarda da haka. Abin da ban yarda ba shi ne a fake da wannan a zuba ruwan rijiya tsura. Ta biyu, wai tsada. Su kawo farashin silif shida da fistin da gasket da wata uku na zaman banza a tsakiyar rani, mu ɗora a kan sikeli.

Akwai kuma al'adar nan ta cire tamostat da zarar katafila ta sauka daga jirgi, wai na ƙasar sanyi ne. A waɗannan injuna tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji. Idan ka cire shi hanyar ta zauna a buɗe, ruwa ya riƙa kauce wa lagireto, injin ya ƙara zafi a ƙarƙashin kaya. Da sanyin asubar hunturu kuma ya ƙi ɗumama, farar wutar da ke cikin man gas ta haɗu da raɓar cikin silinda ta zama asid. 'Yan'uwanmu da ke aiki wajen Azbin da Bilma, inda daren Janairu kan kai kusa da sifiri, su ma gilaikol ɗin kansa bai zame musu ado ba.

Na taɓa rubuta wa wata ma'aikata shawara cewa a mayar da Nuwamba watan duba ruwan inji, kafin aikin rani ya kankama, a kafa tankin tara ruwan sama daga rufin gareji don wannan kaɗai, a sayi takardar gwaji, a rubuta lambar ma'auni a kowace takardar kwangila. Aka soke layin kulan daga kasafi da jan biro, aka rubuta a gefe cewa ba a ƙanƙara a nan. Har yau shawarata ke nan, ban sauya ko wasali ba. Abin da zan ƙara shi ne tsohon kulan guba ne mai zaƙi, yana kashe ƙoda, kada a malalar da shi inda awaki da yara ke wucewa.

Wannan silif da ke kan tebur na ciro shi ne daga ɗaya daga cikin katafilolin waccan ma'aikata, damina biyu bayan jan biron. Cikinsa sumul yake, ko zanen wasa bai gama gogewa ba. Ɗalibai su zo su ɗaga shi su saita da hasken taga, za su ga huda uku. Abokina na bakin ƙofa ya fara zuwa.