Jawabi Ga Hakimai A Kan Allura Da Ƙunshin Kayan Asibiti

An shirya wannan jawabi domin hakimai da malamansu, su kuma su isar da shi ga dagatai da masu unguwa.

A shekarar 1976, a garin Yambuku na ƙasar Zayar, wadda yanzu a ke kira Kwango, akwai wani asibitin mishan da jama'a suka amince da shi ƙwarai. Kowace safiya akan ba ma'aikata sirinji biyar da alluransu, da su za a yi wa duk wanda ya zo allura har yamma. Tsakanin wannan mutum da wancan, sai a ɗauraye su cikin tasar ruwan ɗumi. Ta nan cutar Ebola ta sami hanya. Mutum 318 suka kamu, 280 suka rasu. Cikin waɗanda suka ɗauke ta ta wajen allura kaɗai, ko ɗaya bai tashi ba. Ma'aikatan kuwa ba mugaye ba ne, gama goma sha ɗaya daga cikin su goma sha bakwai sun mutu. Ƙarancin kaya ne da rashin sani.

Saboda irin wannan ne a ke kawo allura, da auduga, da bandeji, da safar hannu a liƙe cikin ƙunshi, bayan an kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsu tun a masana'anta. Tsabtar tana nan muddin ƙunshin bai huje ba, bai jiƙa ba, ranar da aka buga a jikinsa kuma ba ta wuce ba. Da zarar an buɗe shi, na mutum ɗaya ne. Abin da ya ragu ba a ajiye wa na gaba, ko da ido bai ga datti ba, domin ciwon hanta da ƙanjamau sukan bi ɗigon jinin da ido ba ya gani. Tun 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a riƙa yin rigakafi da sirinjin da ke kulle kansa bayan aiki ɗaya.

To, likita ba ya zuwa kowace kasuwa, amma hakimi yana da ido a cikinta. Akwai masu yawo suna yi wa mutane allura ba da izini ba. Waɗannan a kai maganarsu ga hukumar lafiya. Wanzami ya sa sabuwar reza ga kowane kai, ungozoma ma haka wajen yanke cibi. Talaka kuma a gaya masa yana da ikon cewa a yage ƙunshin a gabansa, wannan ba raini ba ne ga malamin asibiti.

Allurar da aka gama da ita a jefa ta cikin akwatin kwali da aka tanada, a rufe shi kafin ya cika, a kai inda a ke ƙonawa. In malamin hakimi ya ga sirinji a juji, ko a hannun yara suna wasa, ya rubuta wa shugaban ɗakin magani a ranar.