Shirin wannan mako: Wankin jijiyar haƙori da cikon da ke faɗuwa

Mutanen Ƙofa da Bebeji da Kiru, da 'yan uwa na Tudun Wada har can Doguwa bayan dajin Falgore, sannunku da ƙoƙari. Yau mun ɗan ajiye zancen tituna da makarantu, za mu leƙa cikin baki.

Akwai ƙorafin da nake yawan ji a majalisu: "An kashe min jijiyar haƙori, an yi ciko, ga shi cikon ya fita, ciwo ya dawo. Da na sani cirewa na yi." Ni ba likita ba ne, amma na zauna na yi karatu a kan abin, kuma na ga akwai wani mataki da mara lafiya ba ya gani sam, alhali shi ke yanke hukuncin ko ciko zai kama ko ba zai kama ba. Matakin shi ne wanki.

Kowane haƙori yana da kogo a tsakiya, da siraran hanyoyi da suka gangara cikin saiwarsa. A nan jijiya take. Idan ruɓa ta kai can, likita zai huda, ya cire jijiyar, ya kankare hanyoyin da wasu 'yan ƙarafa masu kama da allura. Amma ƙarfe ba ya shiga kowane lungu, don haka sai an tura ruwan magani da sirinji ya wanke sauran. Abin dariya, kalmar da likitoci ke kiran wannan wanki da Turanci ita ce dai ta ban ruwan noman rani. Mu da ruwan Tiga ya ratsa ƙasarmu mun san magana: kwata in ta cika da laka, ruwa ba ya kaiwa ƙarshen gona.

Babban ruwan wankin sunansa sodiyam haifokulorait. Kada sunan ya firgita ku, sinadarin da ke cikin Hypo da Jik ne. Tun 1915, lokacin yaƙin duniya na ɗaya, wani masani Henry Dakin ya haɗa mai sauƙinsa don wanke raunukan sojoji. Yana kashe ƙwayoyin cuta, yana narkar da ragowar naman jijiya. Ku ji ni da kyau, don Allah kada wani ya ce zai ɗiga Hypo a kogon haƙorinsa. Yana ƙona nama. Likita ma sai ya auna ƙarfinsa, ya killace haƙorin da wani shimfiɗin roba don kada ya taɓa dasashi ko ya wuce maƙogwaro.

To ga inda gizo ke saƙa. Farin cikon nan da ake haska wa shuɗiyar fitila ya daskare, da gam yake kamawa. Jikin haƙori daga ciki cike yake da ƙofofi ƙanana, dubun-dubata a faɗin milimita ɗaya, da wasu zarurruka masu kama da raga. Gam ɗin yana kwarara cikinsu ne ya daskare, ya riƙe kamar yadda siminti ke riƙe bulo. Shi kuma haifokulorait, ban da alherinsa, yana raunana zarurrukan nan, yana kuma barin wani saura a bangon haƙori da ke hana gam daskarewa yadda ya kamata. Wato maganin da ya kashe cutar shi ne zai iya hana murfin zama. Likitan da ya san aikinsa yana ɗauraye wurin sosai, ya sabunta fuskar bangon, wasu ma su shafa wani sinadari ɗan uwan bitamin C da ke karya wancan saura.

Na biyu, kankarewar da aka yi tana barin dattin ƙura da ya manne a bango ya toshe ƙofofin. Duk wanda ya taɓa yi wa bango mai ƙura fenti ya san ƙarshen labarin, ɓarewa zai yi. Wannan datti wani ruwan daban ke ɗauke shi, ana kiransa EDTA, wanda aka shigo da shi wannan aiki tun 1957. Shi ma in ya jima fiye da kima sai ya zaizaye bangon. Akwai na uku, kulohezidin, da ake sawa a wasu magungunan kurkure baki. Idan ya gamu da haifokulorait kai tsaye, wani guda-guda mai launin ƙasa-ƙasa ke fita, ya toshe ƙofofin, ya ɓata launin haƙori. Kun ga ke nan aikin yana da tsari, wannan bayan wancan, da ɗauraya a tsakani. Ba abin da mai jakar ƙarafa zai yi maka a gefen kasuwa ba ne.

Ga wani abu da ya ba ni mamaki. Kanumfarin da iyayenmu ke cusawa a kogon haƙori, man cikinsa, yujinol, da gaske yana kwantar da zafi, kuma likitoci ma suna amfani da shi a wasu cikon wucin gadi. Sai dai shi ma yana hana gam ɗin farin ciko daskarewa. Don haka in ka sha sa kanumfari ko mansa kafin ka je asibiti, faɗa wa likita, ba abin kunya ba ne.

Yanzu bari in zo kan namu laifin. A 1995 wasu likitoci biyu a Amurka, Ray da Trope, sun duba hoton haƙora 1,010 da aka yi wa wannan aiki. Inda aikin ciki ya yi kyau, murfin sama ma ya yi kyau, sama da kashi 90 cikin ɗari lafiya lau suke. Inda aikin ciki ya yi kyau amma murfin ya lalace, abin bai kai rabi ba. Miyau ne ke silalewa ta gefen ciko da ƙwayoyin cutarsa, ya ɓata duk wankin da aka yi.

Mu kuma me muke yi? Mutum ya taso daga Doguwa ko Kiru, ya biya kuɗin mota zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko wani asibiti a birni, a cire jijiya, a sa cikon wucin gadi, a ce ya dawo. Zafi ya tafi, shi ke nan, ba a sake ganinsa ba. Ba na ganin laifinsa gaba ɗaya, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana. Shi ya sa nake cewa in 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a, cikin abubuwan da za mu lissafa musu har da likitan haƙori da kujera mai aiki a asibitocin Kano ta Kudu, musamman ganin cewa Jami'ar Bayero na yaye su a nan jiharmu.

Kafin nan, in ka zauna a kujerar, yi tambaya uku cikin ladabi: "Likita, sau nawa zan dawo? Wannan cikon na wucin gadi ne ko na dindindin? Haƙorin zai buƙaci hula a kansa?" A lissafa maka kuɗin duka tun farko, har da na murfin. In na wucin gadin ya fita kafin ranar da aka ba ka, kada ka jira ranar, koma.

Sai mun haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.