MAI JINYAR TSOHO: NAUYIN DA YA KOMA KAN MUTUM ƊAYA



A ƙasar Hausa ba a jayayya a kan haƙƙin iyaye idan tsufa ya kama su. Addini ya wajabta kyautata musu, kamar yadda ya zo a Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, al'ada kuma tana ganin babu abin kunya kamar a ce wane ya yar da mahaifinsa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, wane ne ke tashi tsakar dare ya juya tsohon, ya wanke shi, ya sake masa shimfiɗa? Wannan lacca a kan wannan mutum take, watau mai jinya.

A da, gandu ne ya ɗauki wannan nauyi. Uba da 'ya'yansa masu aure suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, kamar yadda Polly Hill ta bayyana a littafinta na 1972 a kan Batagarawa ta ƙasar Katsina. A irin wannan gida, idan tsohuwa ta kwanta ciwo, akwai surukai da jikoki da maƙwabta masu karɓar juna. Amma ilmin boko da aikin albashi da ci-rani sun watsa 'yan gida zuwa Kaduna da Kano da Ikko, musamman tun lokacin arzikin man fetur na shekarun 1970. Aikin da mata biyar ke yi a da, yanzu ya koma kan mace ɗaya, ko dai matar tsohon wadda ita ma ƙarfinta ya ƙare, ko suruka, ko kuwa 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida.

Ya kamata a fahimci girman aikin. Hawan jini yakan jawo shanyewar ɓarin jiki, wanda kuwa ya kwanta haka, ma'aikatan lafiya sukan ce a riƙa juya shi kamar kowace sa'a biyu, don kada fatarsa ta sale ta zama gyambo. Mai ciwon sukari yana bukatar abinci na musamman da magani a kan lokaci. Mafi wuya duka shi ne gigin tsufa, wanda cutar ƙwaƙwalwa ce ke kawo shi. Tsohuwa takan manta 'yar da ta haifa, ta zarge ta da sata, ta fice da dare ba ta san inda ta nufa ba. Jahilcin wannan cuta ya sa a wasu wurare ana jifan irin waɗannan bayin Allah da maita. Ko an je asibiti ma, ɗan'uwa ne ke kwana a gindin gado, shi ke sayo magani, shi ke kawo abinci.

Sakamakon wannan a kan mai jinya a bayyane yake. Bayanta yana ciwo saboda ɗagawa, barcinta ya yanke, sana'arta ta tsaya, yarinyar da ke taya ta kuma ta daina zuwa makaranta. Sa'an nan kunya ta rufe mata baki, domin wadda ta ce ta gaji da jinyar uwarta za a ce ba ta neman albarka. Gajiyar da aka ɓoye kuwa, ita ce wani lokaci ke komawa tsawa da hantara ga tsohon da ake ƙauna.

Hukumomi ba su yi shiru gaba ɗaya ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taro a kan tsufa a Biyana a 1982, ta sake wani a Madarid a 2002. A Nijeriya an yi dokar gyaran fansho a 2004, aka sabunta ta a 2014, an sa hannu a kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, an kuma amince da manufar ƙasa a kan tsufa a 2021. Sai dai fansho na wanda ya yi aikin albashi ne, alhali yawancin tsofaffin karkara manoma ne da 'yan kasuwa. Kuma waɗannan tsare-tsare sun fi duban tsohon kansa, mai ɗawainiya da shi ba ta cika fitowa a cikinsu ba.

Wasu ƙasashe sun riga sun gane wannan giɓi. Ingila ta fara biyan alawus ga masu jinyar 'yan'uwansu a 1976, amma ta ware matan aure, bisa zaton cewa dama a gida suke, har sai da shari'a ta sa aka gyara a 1986. Jamus ta kafa inshorar jinya a 1995, wadda har kuɗin fansho take zuba wa mai jinya a gida. Ba lalle aljihun Nijeriya ya iya ɗaukar irin wannan nan take ba, amma akwai abubuwa uku da ba su fi ƙarfinta ba.

Na farko, ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci su riƙa shiga gidaje suna koya wa masu jinya yadda ake ɗaga maras lafiya da juya shi, da yadda ake gane gigin tsufa. Na biyu, a tanadi hutun jinyar iyaye a cikin ƙa'idojin aikin gwamnati, kamar yadda aka tanadi hutun haihuwa, hukumomin zakka na jihohi kuma su sa gidajen da ke jinyar tsofaffi matalauta a cikin lissafinsu. Na uku yana hannun 'yan gida. Ma'aikacin da ke aiko da kuɗi ƙarshen wata ya yi abin kirki, amma bai sauke nauyinsa duka ba. Ya kamata 'yan'uwa su zauna su raba kwanaki, a ware wa mai jinya haƙƙinta daga cikin abin da ake aikowa, a kuma karɓe ta lokaci-lokaci ta je ta huta. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ma'aikacin da ke zaune a wannan zaure zai ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, ɗalibin da ke kusa da shi kuwa wata rana shi za a kira a ce Baba ya kwanta. Tsarin da suka yi wa mai jinya yau, shi za su tarar.

Allah Ya sa a gama da iyaye lafiya. Wassalamu alaikum.