Waƙar Jana'iza Wadda Aka Shirya Domin Masu Rai



Yau ina so mu dubi wata babbar waƙa ta ƙasar Jamus da ake kira Ein deutsches Requiem, wato waƙar jana'iza cikin Jamusanci. Johannes Brahms ne ya shirya ta, mutumin Hamburg, haifaffen 1833. Mahaifiyarsa ta rasu a watan Fabrairu 1865, cikin wannan makoki kuwa ya duƙufa a kan aikin. Kashi bakwai ne, ana rera shi fiye da awa guda, da ƙungiyar mawaƙa, da masu goge da masu busa, da mace ɗaya da namiji ɗaya masu rera nasu su kaɗai.

Abin da aka saba a Turai shi ne a rera irin wannan waƙa da Latin, ana roƙo domin mamaci. Brahms ya ɗauki Littafi Mai Tsarki na Jamusanci wanda Martin Luther ya juya, ya zaɓi ayoyi da kansa, ya kuma fuskanci waɗanda aka bari. Ya fara da Matta 5:4, albarkar masu makoki. A wannan kashi na fari ya hana ƙananan goge masu siririyar murya yin kiɗa, domin sautin ya yi nauyi kamar zuciyar mai baƙin ciki. Ya bi ta Zabura 39, Zabura 84 da 1 Korintiyawa 15, ya rufe da Ru'ya ta Yohanna 14:13.

An rera kashi shida a babbar majami'ar Bremen ranar 10 ga Afrilu 1868, Jumma'ar tunawa da mutuwar Ubangijinmu. Daga baya ya ƙara kashi na biyar, inda ƙungiyar mawaƙa ke rera alkawarin Ishaya 66:13, wurin da Allah ya kamanta ta'aziyyarsa da ta uwa. An rera bakwai ɗin gaba ɗaya a Leipzig cikin Fabrairu 1869.

Amma akwai magana. Karl Reinthaler, shugaban kiɗa na majami'ar Bremen, ya lura cewa babu sunan Almasihu ko sau ɗaya cikin waƙar, babu kuma zancen mutuwarsa ta fansa. Ya roƙi Brahms ya ƙara, Brahms ya ƙi, domin yana so waƙar ta zama ta kowane ɗan adam. Sai a ranar aka sa wata mace ta rera waƙar Handel ta Mai Fansa mai rai, domin a cike wurin.

'Yan'uwa, a ganina kowannensu ya riƙe gaskiya guda. Brahms ya gane cewa gwauruwa da marayu ne ke da kunnen ji a ranar jana'iza, sai a yi musu magana da harshen da suka sha a nono. Reinthaler kuwa ya gane cewa dole mai makoki ya san wanda ya ci nasara a kan kabari.

Saboda haka, dattawa, kafin jana'iza ta gaba ku zauna da shugaban mawaƙa ku duba waƙoƙin da aka zaɓa. Iyalin mamacin za su fahimci kalmomin? An ambaci Mai Ceto? Ko mu goma ne a bakin kabari, muna iya yin wannan.

Ubangiji ya ta'azantar da masu makoki a cikinmu. Amin.