Kuɗi Da Maganin Talaka

Jama'a, ku kasa kunne. A 1945 Shugaban Amurka Truman ya nemi Majalisa ta kafa asusu guda, kowa ya zuba, a riƙa biya wa kowa kuɗin magani. Sai Ƙungiyar Likitocin Amurka ta aza wa kowane memba dala 25, ta cika jaridu da rediyo wai gurguzu ne. Shirin ya mutu.

Amma a lardin Saskacewan na Kanada, a 1962, likitoci suka yi yajin kwana 23. Gwamnatin da manoma da leburori suka zaɓa ta ƙi janyewa, doka ta zauna.

Mu talakawa ba mu da dala, sai ƙuri'a. In muka sayar da ita a kan gishiri da sabulu, ranar ciwo wa zai biya mana? Mu yi hattara.