Daga Tulun Kankiya Zuwa Tangaran Mai Ba Da Lantarki



1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shiga kasuwannin ƙasar Kankiya da Kusada zai iske tuluna da randuna da kasake jere a gefe guda. Kusa da su kuma ga 'yan tireda suna sayar da laita mai ƙyastawa da dannawa. Mai kallo zai zaci babu abin da ya haɗa su, alhali a cikin irin wannan laita akwai ɗan guntun tangaran wanda aka kwaɓa, aka gasa, kamar yadda maginiya ke yi wa yumɓu. Manufar wannan lacca ita ce bayyana ƙirar wannan tangaran, da dalilin da ya sa masana suka dage sai an raba shi da dalma.

2.0 Lantarkin Matsi

A shekarar 1880 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa in aka matsa wani farin dutse mai suna kwaz, sai lantarki ya bayyana a gefunansa. Daga baya aka tabbatar da kishiyar haka, watau in aka sa masa lantarki sai ya motsa. Wannan hali shi za a kira lantarkin matsi. Da shi laita ke fid da tartsatsi, da shi kuma na'urar hoton ciki ke aika sauti jikin mai juna biyu, ta karɓi amsarsa.

Asirin yana cikin ƙira. A ƙaddara ɗan ɗaki mai kusurwa 8. A kowace kusurwa akwai babbar ƙwayar zarra, a tsakiyar kowace fuska akwai ta oksijin, sa'an nan ƙarama ɗaya tana zaune a ciki. Ƙaramar nan ba ta zama daidai tsakiya, takan karkata gefe, sai ɗakin ya sami kai da gindi ta fuskar lantarki. Bayan gashi, ɗakunan sukan fuskanci ko'ina barkatai, don haka akan ɗumama tangaran a sa masa lantarki mai ƙarfi har su daidaita sahu. Amma kowane iri yana da iyakar zafin da in ya wuce shi, ƙwayar ta koma tsakiya, halin ya gushe.

3.0 Matsalar Dalma

Tun shekarun 1950 tangaran da ya mamaye wannan fage shi ne PZT, haɗin dalma da zirkoniyam da titaniyam. Kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyinsa dalma ce. Ƙasar Hausa kuwa ta ɗanɗana ɗacin dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Gaskiya ne wannan masifa ba daga tangaran ta fito ba, dalmar laita guda kuma 'yar kaɗan ce. Sai dai da yayyafi kogi kan cika. Matattun na'urori a juji suke ƙarewa, yara suna wasa a kansa, manomin Kusada kuma yakan kwashi takin juji zuwa gona. A 2003 Tarayyar Turai ta kafa dokar taƙaita dalma a kayan lantarki, amma ta ɗaga wa wannan tangaran ƙafa don rashin cikakken madadi.

4.0 Madadin Da Ake Nema

Na farko shi ne haɗin bariyam da titaniyam, wanda aka gano a shekarun 1940. Rauninsa shi ne yakan rasa halinsa a zafin digiri 120 zuwa 130. Na biyu shi ne KNN, haɗin fotasiyam da sodiyam da niyobiyam, mai jure kusan digiri 400, sai dai asalinsa lantarkinsa kaɗan ne. A 2004 masanan kamfanin Toyota a Japan, ƙarƙashin Yasuyoshi Saito, suka gyara haɗinsa da jerin ƙwayoyinsa har ya kai 416 a ma'aunin lantarkin matsi, watau ya shiga sahun PZT. Wahalar da ta rage ita ce gashi, domin a wajen digiri 1,100 fotasiyam da sodiyam sukan tsere cikin tururi, garin kuma yana jan danshi.

Kayan haɗin nan ba baƙi ba ne ga Bahaushe. Gishirin sodiyam da ake bukata shi ne jigon kanwa. Na fotasiyam yana cikin ruwan toka, wanda mata ke tacewa don miya da sabulu. Niyobiyam kuwa daga kolombait ake samunsa, abokin kuza na tsaunukan Jos, wanda Nijeriya ta yi fice da shi a duniya a shekarun 1950. Bambancin kawai shi ne masana'anta na bukatar su tsantsa, da awo daidai, da wuta mai lissafi.

5.0 Kammalawa

Maginiya ta riga ta san zaɓen ƙasa da kwaɓi da busarwa da gashi, ta kuma san cewa gaggawar wuta ke fasa tulu. Waɗannan matakai su ne harsashin ilmin tangaran na zamani. Saboda haka ya kamata a fara koyar da shi daga sana'ar da yaro ya buɗe ido ya gani, cikin harshen da ya tashi da shi. Kafin madadi ya wadata kuwa, wajibi ne a raba matattun kayan lantarki da jujin da ake kwasa zuwa gona, a kuma nisanta su daga hannun yara.

Allah ya sa a amfana, amin.