Gishiri, Man Kaɗanya da Lafiyar Fatar 'Ya'yanmu: Jawabi ga Taron Shekara

Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna, malamai, 'yan'uwa maza da mata 'yan asalin Rara da kuka taso daga Sakkwato, Kaduna, Abuja da Legas.

Batun da muka zo da shi a bana ya shafi kowane gida, wato gyaran fata. A 'yan shekarun nan matasanmu na birni sun rungumi cuɗa jiki da gishiri, suna ganin sabon ilimi ne. Alhali kuwa gishiri tsohon baƙo ne a ƙasarmu. Tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a Wurno, har ya rasu a 1837, fatake ke kawo kantu daga Bilma da kuma gishirin Foga zuwa kasuwannin ƙasar Sakkwato. Iyayenmu mata sun san man kaɗanya da sabulun salo da lalle da dutsen goge kaushi tun kafin kanti ya zo.

To, mene ne gishiri ke yi wa fata? Saman fatar ɗan Adam yakan sabunta kansa cikin kimanin mako 4, matacciyar fata kuma takan taru ta sa jiki ya yi furu-furu, musamman da hunturu. Ƙwayoyin gishiri suna kankare wannan matacciyar fata, mai kuma yana riƙe danshi. Ana haɗa cokali 2 na gishiri mai laushi da cokali 1 na narkakken man kaɗanya ko man riɗi, a cuɗa hannuwa da gwiwoyi da ƙafafu a hankali bayan an jiƙa jiki, a ɗauraye da ruwan ɗumi, sannan a shafa mai. Sau 1 a mako ya wadatar.

Sai dai kowane magani da iyakarsa. Kada a sa shi a fuska mai ƙuraje, ko kan rauni, ko faso mai jini, ko jikin jariri, domin yana ƙara kumburi da raɗaɗi. Ba ya warkar da ƙazuwa ko makero. Waɗannan sai an je asibiti, in abin ya ci tura a nufi sashen fata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Babban abin da muke so a riƙe shi ne, gishiri ba ya sauya launin da mutum ya zo da shi duniya. Wanda ya ce zai haɗa wa 'yarka gishirin da zai mayar da ita fara, to akwai abin da ya ɓoye a ciki. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna shafa man sauya launi, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Wasu daga cikin mayukan nan suna ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, wasu kuma suna sa fata ta yi sirantaka har ɗinki ya ƙi kamawa bayan tiyata.

Saboda haka muna kira ga iyaye da masu haɗa lefe da su duba abin da ake zubawa cikin akwati, su kuma san hannun da za su miƙa wa amarya don gyaran jiki. Samarinmu su daina gindaya farar fata a matsayin sharaɗin aure, domin su ne ke rura wannan wuta. Muna kuma roƙon ƙungiya ta ware jari ga matan gida masu sana'ar sabulun salo da man gyaɗa, mu da ke birni mu zama masu sayen kayansu na farko.

Allah ya ba mu lafiya da zuriya ta gari, ya ɗaukaka Rara, ya mai da kowa gidansa lafiya.